Ranar Da Taubashina Ya Fara Ce Mini Alhaji

Da ana mayar da magana cikin baki kamar yadda ake mayar da wuƙa cikin kube, da akwai magana guda da zan mayar. Ban yi kisa ba, ban ci dukiyar maraya ba. Wasa na yi. Na yi shi a gaban jama'a, aka yi dariya har da tafi, wanda na yi wa ma ya yi dariyar. Yau ga ni na tsufa a ƙasar da ba tawa ba, hannuna na hagu ba ya ɗaukar ko kofin shayi, kuma babu abin da ke hana ni sakewa kamar wannan dariyar tasa.

Sunana Labo. Bagobiri ne ni daga Tibiri ta Maradi. Karatuna bai yi nisa ba: allo, sai lakwal, wato boko, zuwa aji shida, daga nan na bi mota. Direban kamyo, babbar motar kaya, ne ni a gida kafin in zo Amurka. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace ya yi haƙuri, hannun sitiyari ne ya yi shi.

Zangona na farko a ƙasar nan bakin wani shago ne. Ɗan garinmu da ya karɓi abin da na tara, ya ce zai tarye ni ya sama mini aiki, bai zo filin jirgi ba. Ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Lambar da ya ba ni ba ta shiga. Wani Bahabashe mai tasi ya kai ni adireshin da ke hannuna a Hyattsville, wata mata ta buɗe ƙofa kaɗan da sarƙa a jiki, ta yi wani yare da ba Faransanci ba, ba Ingilishi ba, ta rufe. Bahabashen ya dube ni, ya dubi jakata, ya girgiza kai. Ya kai ni wani shagon kayan abincin Afirka, ya nuna mini ƙofa da hannu, alamar in jira a nan, mutanena za su zo. Na miƙa masa kuɗin mota ya ture hannuna. Har yau ban san sunansa ba, amma ina sa shi a addu'a.

Na zauna a kan jakata. Sanyi ya shiga ƙashina. Duk wanda ya buɗe ƙofar shagon sai ƙamshin busasshen kifi da daddawa ya fito ya buge ni, in ji kamar in yi kuka. Mutane baƙaƙe kamata suna wucewa, ba mai ko kallona. Na yi sallama ga mutum biyu, suka ƙara sauri.

Can sai wani dogo siriri ya fito da leda a hannu. Ya wuce, ya dawo da baya, ya sunkuyo yana duban fuskata. Mu Gobirawan da, ana yi mana tsaga daga gefen baki zuwa kunne. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce da wata irin Hausa mai tauri:

"Subhanallahi! Wace kyanwa ce ta yakushe mini fuskar bawana haka?"

Daga jin harshen na san Bazabarme ne. A wajenmu Bagobiri da Bazabarme taubasai ne tun kaka da kakanni. Ko ba ku taɓa ganin juna ba, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa, kowa na zagin abincin wani da garin wani. Doka ɗaya ce: ba a fushi. Wanda ya yi fushi da wasan taubashi shi ne ya ji kunya, ba wanda ya yi wasan ba.

Na miƙe na ce, "Bazabarme, har nan yunwa ta koro ka? Ganyen kopto ya ƙare a Dosso ne?"

Ban ƙarasa ba hawaye suka zubo. Ya yi kamar bai gani ba. Ya ɗauki jakata ya saɓa a kafaɗa.

"Taso," in ji shi. "Dukiyata ba ta kwana a titi."

Sunansa Sumana. Zagin nan nasa shi ne maraba ta farko da aka yi mini a Amurka.

Ɗakinsa ne zangona na biyu, ciki da falo a hawa na uku, ni a doguwar kujera. Shi ya koya mini jirgin ƙasa na layin kore, ya koya mini cewa a nan ba a ƙura wa mutum ido, ba a shafa kan ɗan wani, ba a tofar da yawu a titi. Na yi wankin mota wajen wani mutum da kullum sai ya sami dalilin rage mini lada, don ya san ba ni da bakin kai ƙara. Na yi wanke-wanke a gidan abinci har fatar hannuna ta saɓule. Abin da ya fi damuna ba aikin ba ne, shirun garin ne. Gari ba kiran salla, ba kukan jaki, ba sautin turmi. Ranar Juma'a ta zo ta wuce kamar Talata. In kewa ta taso mini na yi tagumi, sai Sumana ya dafa alayyafo ya kwaɓa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba, ya ce wai kopto ne, ya ajiye mini.

"Ci, bawa. A garinku sai ranar salla ake ganin irin wannan."

"A garinmu awaki muke ba wa wanga," in ce masa, ina kai loma.

Kullum da asuba yakan sa wasu shuɗɗan kaya ya fita. Ya ce mini a likita yake aiki, kamar yadda muke kiran asibiti a gida. Da aikin gidan abinci ya kuɓuce mini, ya ce in biyo shi in gani ko zan iya nasu. Ashe gidan kula da tsofaffi ne. Na tsaya a bakin ƙofar wani ɗaki na ga Sumana ya durƙusa gaban wani tsohon Bature da ya ɓata jikinsa. Ya cire masa ƙunzugu, ya goge shi, ya wanke shi, yana yi masa wata 'yar waƙa da Zabarmanci, tsohon yana ta murmushi ba haƙori. Ni kuwa na fita da gudu na yi amai a gindin wata bishiya.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Sannan ya ce, "Ka san ni diraktan lakwal ne a gida? Ka san gidanmu gidan sarauta ne? Babana ko butarsa ba ya ɗauka da kansa. Ya san ina aiki a likita. Ban yi masa ƙarya ba, ban kuma ƙarasa masa gaskiya ba. In ya ji abin da hannun nan ke taɓawa, sauran kwanansa a ɗaka zai yi su. Ka riƙe mini."

Na ce, "Ko da wuƙa a wuya."

Ya ce, "Na sani. Bawa ai ba ya tona asirin ubangijinsa." Muka yi dariya.

Shekaru suka tafi. Na sami takardu, na sami tasi, na ɗauko matata Hadiza, na kama ɗakina, har na sauke farali. Mutane suka fara ce mini Alhaji Labo. Sumana kaɗai ya ƙi. Ya ce wai ko a Makka an gane ni bawa ne, don haka aka bar ni na yi jifan Shaiɗan, 'yan gida ɗaya ne mu. Duk watan cika-ciki sai ya zo ƙofata da tsintsiya yana neman kuɗin shara, ni kuma in ce shi zai ba ni, mu yi ta ja har Hadiza ta raba mu da kwanon dambu.

Zango na uku shi ne wani ɗakin ƙasa a Lanham, a gidan Dokta Mamman. Doktan littafi ne ba na allura ba, yana koyarwa a wata jami'a. A nan reshen jam'iyyarmu yake taro, don ni da Sumana parti ɗaya muke bi tun daga gida. Sumana ne shugaban reshen, ba don ya nema ba, sai don kusan duk wanda ke ɗakin ya taɓa kwana a doguwar kujerar nan tasa. Aikin reshen bai wuce shan shayi da gardama ba, sai in wani babba ya zo daga gida mu tarye shi mu ɗaukar masa jaka. Amma in wani ya rasu, mutanen ɗakin nan ne ke wanke shi su kai shi.

Sai aka zo da maganar ƙuri'ar raba-gardama a gida: a canza tsarin mulki don mai mulki ya zarce, ko a bar shi yadda yake. I ko a'a. Sumana ya ce a'a. Ya ce wanda aka ba aron tabarma, in lokaci ya yi ya naɗe ya mayar, ko da ya fi mai ita iya zama. Ni na ce i, don an haƙa rijiya a ƙauyen mahaifiyata, don kuma Dokta ya ce i. Gaskiya ban karanta tsarin mulkin ba, tsohon ko sabon. Yawancinmu ma ko ƙuri'ar ba mu jefa ba. Muna nan bayan teku muna ta da jijiyar wuya.

Wata rana ana cikin gardama na ɗaga wata takarda ina kaɗawa, Sumana ya ce, "Jama'a, ku juya wa bawana takardar, a kife ya riƙe ta." Aka kwashe da dariya, har da masu digiri. Ni ma na yi. Amma ta shige ni, don a gaban masu ilimi ya faɗa, kuma ya taɓa inda ke mini ciwo. Ga laifina na farko nan: na ji haushin wasan taubashi, na ɓoye shi a ciki ya yi tsami.

Aka yi ƙuri'a, aka ce masu i sun ci, masu a'a suka ce ai mutane gida suka zauna. Jam'iyyarmu a can ta tsage biyu. Manya biyu, kowa ya ce shi ne shugaba, kowa da hatiminsa, kowa ya kori ɗan'uwansa a rediyo, magana ta tafi kotu. Kowannensu kuma yana son a ji cewa 'yan ƙasar waje na bayansa. Shayin Lanham ya koma ɗaci. Mutane suka fara zama ɓangare-ɓangare. Akwai wanda ya ƙi zuwa sunan ɗan maƙwabcinsa saboda wannan.

Dokta Mamman yana son kujerar Sumana, don ya miƙa reshen ga babban da yake bi. Amma wa zai ɗaga hannu a kan mutumin da ya ɗaukar masa jaka ranar da ya sauka? Sai ya kira ni gidansa. Ranar ce na fara hawa falonsa na sama, da can iyakata ɗakin ƙasa. Matarsa ta kawo mini lemo a kofin gilashi.

"Alhaji Labo," in ji shi, "mutumin nan ya yi nauyi a idon jama'a, kuma ya tsaya a kan hanya. Mu in muka taɓa shi, a ce Hausawa sun taru a kan Bazabarme. Kai kuwa taubashinsa ne. Duk abin da ya fito daga bakinka wasa ne, ba shi da ikon yin fushi. Ka rage masa nauyi kawai, sauran aikin namu ne."

Ya ce za a ba ni mataimakin shugaba. Ya ce in babban ya zo, a bayan mota zan zauna kusa da shi, ba a gaban sitiyari ba.

Ina so a fahimci wani abu. Dokta bai ce in faɗi abin da na faɗa ba. Ni na zaɓa. Kuma aikin Sumana a nan ba sirri ba ne: rabin ɗakin irin aikin da suke yi ke nan, ko su ko matansu. Kowa ya sani, ba mai faɗa. A gida ne yake sirri. Na kuma san za a ɗauki taron zaɓen shugaban reshe a bidiyo a aika gida don shaida. Da idona na ga an kafa kyamara a kan ƙafafunta uku.

Ranar Lahadi ce bayan azahar. Ɗakin ya cika har matakala. Sumana ya tashi ya yi magana a natse. Ya ce ra'ayinsa a kan ƙuri'a kowa ya sani, amma ba zai ja reshen zuwa ɓangarensa ba, kada kuma a ja shi zuwa wancan. A jira manyan su sasanta. Ya ce, "Su can in sun ɓata, suna da dangi. Mu nan mu ne dangin juna. Wanda ka ƙi gaisarwa yau, shi zai ɗauki makararka gobe." Na ga kawuna suna gyaɗawa. Dokta ya dube ni.

Na miƙe na ce, "Jama'a, ku ba ni dama in yi wa bawana gyara."

Tun kafin in fara aka soma dariya, don an saba da mu. Na fara da kopto, na bi da Hausarsa mai tauri. Shi ma yana dariya yana nuna ni da yatsa, yana shirya ramuwa. Sai na ce:

"Wai shi ne mai tsaron tsarin mulki kada a ɓata. To ai gyaran ɓarna sana'arsa ce! Mutumin da tun asuba yake goge gindin tsofaffin Nasara, yana kwashe musu kashi, shi ne zai ja mu? Ɗan sarki, ka dai wanke hannu kafin ka taɓa hatimin parti?"

Ɓangaren Dokta suka fashe da dariya da tafi. Wasu suka sunkuyar da kai. Wata mata da ke irin aikin ta tashi ta hau sama. Sumana ya dubi 'yar jar wutar kyamara, sannan ya dube ni. Yatsan da yake nuna ni da shi ya sauka a hankali. Da wani ne ya faɗa, da yana da ikon ya tashi ya ce a kashe kyamara, a goge, a ba shi haƙuri. Amma taubashi ne ya faɗa, a gaban jama'a, da sunan wasa. Sai ya yi abin da al'ada ta ɗora masa. Ya yi dariya.

"Bagobiri ya ci yau," in ji shi.

Aka ɗaga hannu, Dokta ya ci. Sumana ya ciro hatimin reshe daga aljihu ya ajiye a tebur, ya bi mutane yana ba su hannu. Da ya zo kaina ya kama hannuna da hannu biyu, ya ɗan rusuna.

"Sai an jima, Alhaji Labo."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar. Amma ana ta dafa kafaɗata ana ce mini mataimaki, sai na share.

Faifan ya tafi gida. Mutanen ɓangarenmu suka buga shi da yawa, suna nunawa a gidajen parti don a ga irin mutanen da ke bin ɗaya ɓangaren a waje. Ya kai har garin su Sumana. Na ji labari babansa ya daina fitowa gindin bishiyar da yake zaman fada. Na ji ya mayar da babbar rigar da ɗansa ya aika masa ta salla. Bai yi shekara biyu ba ya rasu. Na je gaisuwa a ɗakin nan na hawa na uku. Sumana ya tashi ya ba ni kujera mafi kyau, ya kawo mini ruwa da kansa, ya yi mini godiya da na taka. Na zauna ina kallon doguwar kujerar da na yi shekaru ina kwana a kai, wani sabon baƙo ya ajiye jakarsa a gefenta.

Kafin nan ma abin da muka yi faɗa a kansa ya riga ya watse. Sojoji sun karɓi mulki, sabon tsarin ya bi tsohon. Da aka zo wani zaɓe na ga hoton manyan nan biyu sun rungumi juna suna dariya. Dokta Mamman ya bar mini hatimi ya koma gida ya sami muƙami, na kira shi har na gaji bai ɗauka ba. Babban da za a zaunar da ni kusa da shi bai taɓa zuwa ba. Reshen ya mutu ba tare da an yi masa salla ba. Hatimin yana cikin durowata har yanzu, tawadarsa ta bushe.

Ni da Sumana ba mu yi gaba ba. Da gaba ce da ta fi sauƙi, don ita ana shiga tsakani. Muna haɗuwa a suna, a jana'iza, a filin Idi. Ya gaishe ni gaisuwa cikakkiya: ina kwana Alhaji, ina gajiya, ina iyali, ina Hajiya. Ba abin da zan kai ƙara a kai. Watan cika-ciki ya zo, Hadiza ta yi dambu, ba wanda ya buga ƙofa da tsintsiya. Ta ce mini, "Malam, ka je ka ba mutumin nan haƙuri." Na ce, "Haƙurin me? Wasa ne hwa. Shi ma ya yi dariya." Ta ce, "Ni ma na ga dariyar." Ba ta ƙara ba. Na yi shekaru ina laɓe a bayan kalmar nan, wasa.

Zangon da ya kayar da ni Largo ne. Ina cikin tasi ina jiran fasinja a bakin tashar jirgi sai na ji hannuna ya zame daga sitiyari, bakina ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki. Na yi kwanaki a asibiti aka sallame ni gida, ba tafiya, ba magana sai gurnani. 'Ya'yana suna aiki a wasu jihohi, sun zo sun koma. Inshora ta aiko wata mata ta riƙa yi mini wanka, na yi ta buga gado da hannun dama har ta tafi. Hadiza kuma bayanta ba ya ɗaukata. Wata safiya na ɓata shimfiɗata, ta yi ta ƙoƙarin juya ni ta kasa, ta zauna a ƙasa tana kuka. Ta fita falo na ji tana waya ƙasa-ƙasa.

Ba a jima ba aka yi sallama. Ya shigo da shuɗɗan kayan nan, furfura ta cinye kansa, bayansa ya ɗan ranƙwafa.

"Alhaji, ya jiki? Hajiya, a ba ni ruwan ɗumi da tawul biyu, sai ki ja mana ƙofa."

Na juya fuskata bango. Da ina da baki da na ce ya tafi. Ya sa safar hannu, ya taɓa ruwan da gwiwar hannunsa ya ji zafinsa. Ya rufe ni da tawul ɗaya, inda zai wanke kaɗai yake buɗewa, ya gama ya rufe ya buɗe wani wurin, har ya gama ban taɓa zama tsirara gaba ɗaya ba. Ya juya ni kamar jariri, ya zare zanen gadon ta ƙarƙashina ya sa wani. Bai yamutsa fuska ba. Abin da na yi amai don na gani, abin da na tsaya gaban kyamara na yi masa gori da shi, shi ya yi mini da hannun nan. Ya shafa mini mai a baya, ya sa mini hula, ya daidaita ta.

Duk lokacin sanyin nan kullum sai ya biyo kafin ya wuce aiki, ko dusar ƙanƙara na zuba. Da bakina ya fara sakuwa, kalmar da na fara haɗawa tasa ce.

"Sumana. Ka yafe mini."

"Na yafe tuntuni, Alhaji. Ɗaga haɓa."

"Tsohon... saboda ni ne."

Ya matse tsumma a cikin roba. Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Abin da ya ce mini dai, da wani ne ya faɗa da ya ce sharrin siyasa ne. Amma da ya ga tsagar da ke fuskar mai maganar, ya san taubashi ba ya ƙaga irin wannan. In ya faɗa, ya gani."

Na yi kuka irin na wanda rabin fuskarsa ba ta motsi. Ya jira na gama, ya goge mini.

Na ce, "To in ka yafe, ka zage ni."

Ya ci gaba da matse tsumma. Na sake cewa:

"Ka ce mini bawa. Ka ce kyanwa ta yakushe ni. Ga ni kwance cikin kashina, yau ai ranarka ce. Ka rama, don Allah."

Ya daɗe yana kallon ruwan robar. Sannan ya ce, "Wasa da wanda ka saki jiki da shi ake yi, Alhaji. Na neme shi a cikina ban same shi ba. Ba ƙi na yi ba. Kawo hannun."

Na miƙa masa hannun, ya wanke.

Da taimakonsa na tashi zaune, na kama sanda, na fara jan ƙafa. Bara bayansa ya gaza gaba ɗaya, ɗaga tsofaffi ya cinye shi, ya ce zai koma gida ya ƙarasa a can. Na ce sai na raka shi filin jirgi, Hadiza ta ja mota. Mako guda ina shirya abin da zan faɗa masa. A wasanmu ba a taɓa jin Bagobiri ya yarda shi ne bawa ba, ko a bakin kabari. Na ce to ni zan yarda, ko wannan zai sa ya taya.

Muka tsaya inda masu rakiya ke tsayawa. Na jingina da sanda na ɗaga murya yadda mutane za su ji:

"Ubangidana! Za ka tahi ka bar bawanka a titi? Ba kai ka ce dukiyarka ba ta kwana a titi ba?"

Ya tsaya. Ya dubi tsagar fuskata, irin kallon da ya yi mata a bakin shagon nan. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Wallahi na ɗauka ga ta nan tafe, har na buɗe baki ina shirin ramawa. Sai ya sa hannu ya gyara mini wuyan rigar sanyi.

"Allah ya ƙara sauƙi, Alhaji. A riƙa shan magani a kan lokaci."

Ya ja jakarsa ya shiga. Na tsaya har Hadiza ta taɓa ni ta ce motar tana inda ba a daɗewa.

Yanzu ina jin ana cewa za a sake wata ƙuri'a a wani wuri, ina ganin yaranmu a waya suna yanka juna saboda manyan da ba su san sunansu ba. Ba ni da ilimin da zan ce muku ga mai gaskiya, i ko a'a. Abin da na sani kaɗan ne, kuma da tsada na saye shi. Roƙona ga duk wanda wannan ya kai gare shi: in kana da wanda ke zaginka don ƙauna, kada ka ba kowa aron bakinka a kansa, komai kujerar da aka nuna maka. Abin da kakanni suka bar mana don kashe wuta, kada ka ɗebo wuta da shi. Ni an yafe mini, an wanke ni, ana girmama ni. Duk garin nan ba wanda ba ya ce mini Alhaji, kuma babu sauran mai ce mini bawa.